Hunturu da Buronya: Tukunyar Zango a Teburin Kowa

Hunturu ya sake zagayowa. Daga Bawku zuwa Bolga, daga Wa zuwa Tamale, hazo ya rufe gari, rana ta dushe, leɓɓa suna tsagewa, kowa yana neman man kaɗe. Har a Kumasi da Ankara, inda kurmi da teku suke rage masa ƙarfi, mai fita masallaci da asuba ya san iska ta juya. Daga hamadar Sahara wannan busasshiyar iska take tasowa, ta kwaso ƙura tun daga ƙasar Cadi ta zube mana, kuma takan kama daga ƙarshen Nuwamba ta kai har wajen Maris.

A tsakiyar wannan sanyi ne hutun ƙarshen shekara yake faɗowa. An rufe makarantu, ma'aikata suna hutun 25 da 26 ga Disamba da na 1 ga Janairu, tashoshin mota sun cika da masu tafiya ganin gida. Maƙwabtanmu Kirista, waɗanda ƙidayar 2021 ta nuna sun kai kashi 71 cikin ɗari na mutanen Gana, suna bikin Kirsimeti, wanda a nan muka fi sani da Buronya. Bikinsu ne, mu kuwa muna da namu salloli biyu. Amma mai karatu, in ka leƙa kwanukan jama'a a waɗannan kwanaki, tun daga karin kumallo har abin da ake ci bayan isha'i, za ka tarar da hannun Zango a ciki, sau da yawa ma har da sunan Hausa a bakin mai ci, ko da bai san Hausa yake yi ba. Shi ya sa a wannan wata muka ga ya dace mu bi kwanukan nan ɗaya bayan ɗaya, mu ga abin da aka fi so, da inda ya samo asali, da kuma abin da ya rage gare mu in muna son sana'ar ta ci gaba da zama a hannunmu.

Teburin masu biki

Mu fara da masu bikin. A gidan mutumin Asante, Buronya ba ta cika sai an ji ƙarar turmi. Sakwara ce a gaba, wadda suke kira fufu, ta rogo da agade, da miyar kaza mai ruwa-ruwa da yaji, ko miyar gyaɗa, ko ta ƙwarar manja da naman akuya. Bayanta sai dafa-duka, wato jolof, da shinkafa da miyar tumatir. Dattawansu suna ba da labari cewa a da, a gidaje da yawa, kaza da shinkafa abincin ranar Buronya ne kawai, yaro yakan yi shekara guda yana jiran wannan rana. A ba shi biskit ɗin Piccadilly da kwalbar Fanta ko Muscatella, ya shige bukkar ganyen kwakwa da suka gina da abokansa a ƙofar gida, shi ke nan ya gama samun duniya.

A bakin teku kuwa, mutanen Ga da Fante ba sa rabuwa da dokunu da soyayyen kifi da shito. Ranar 26 ga wata bakin ruwan Labadi ba ya samun masaka tsinke, a Takoradi masu shigar dodo suna cika titi da kiɗan badujala, ranar 1 ga Janairu kuma sai a koma Winneba.

Akwai dalilin da ya sa wannan lokaci ya zama na ci da sha. Kaka ta gama shigowa: sabon gero da dawa da wake da gyaɗa suna kasuwa, doya ta wadata, lemu yana zube a bakin titi. Manoman koko, wato na bishiya wanda ake yin cakulan da shi, sun karɓi kuɗin babbar kakarsu. 'Yan Gana mazauna Turai da Amurka sun dawo gida, kuma tun 2019, wadda gwamnati ta sa wa suna Shekarar Komowa domin cikar shekara 400 da sauke bayin Afirka na farko a Bajiniya ta Amurka, Disamba ya zama watan baƙi a Ankara. Duk wannan taro sai ya ci. Sakwarar gida sau ɗaya ake daka ta a yini, sauran cin kuwa a waje ake yin sa, kuma a nan ne Zango yake shigowa.

Koko da ƙosai

Da sanyin safiya babu abin da ya kai koko. Duk ƙasar nan Hausa koko take kiran sa, domin a bambanta shi da na masara da mutanen kudu suke damawa. Aikinsa tun jiya yake farawa. A jiƙa gero ya kwana, a wanke, a kai inji a markaɗa tare da citta da kanumfari da masoro da kimba da ɗan barkono, a tace da ƙyalle, a bar gasara ta kwanta ta yi tsami. Kafin kiran assalatu mai koko ta tashi, ta tsiyaye ruwan tsamin da ke sama ta tafasa shi, sannan ta kwarara gasarar tana juyawa har ya yi kauri. Wanda ya gaggauta bai bar gasara ta kwana ba, kunu ya dama, ba koko ba. Yajin nan kuwa shi ne yake ɗumama ƙirji, ya sa mai fama da mura da ƙaiƙayin maƙogwaro ya ji sanyi ya sake shi.

Koko ba ya tafiya shi kaɗai. Ga ƙosai, wanda maƙwabta suke rubutawa koose, ga funkaso da ya zama pinkaso a bakinsu, ga masa, ga soyayyar gyaɗa da ake barbaɗawa a kai. A daren 31 ga Disamba coci-coci suna cika har bayan sha biyu, wasu har wayewar gari, kuma da gari ya waye za ka ga masu fararen kaya sun yi layi a gaban tukunyar Hajiya. Ma'aikacin banki da direban tirotiro da ɗan sanda da ɗan makaranta, duk layi ɗaya, kowa yana jiran ludayi ya zo kansa.

Yadda wake ya zama waakye

Kafin hantsi ya yi, layi ya koma wurin mai waakye. Wannan suna, wanda yanzu ake bugawa a allon manyan otal-otal, kalmarmu ce ta wake, daga shinkafa da wake. Abin da ya raba shi da wanda ake dafawa a wasu ƙasashe shi ne karan dafi, wato jan kuben ganyen dawa, irin wanda dukawa suke rina fata da shi tun zamanin da. Ana dafa wake da karan dafi da 'yar kanwa, kanwar ta sa wake ya nuna da wuri ta kuma fito da jan launin, a tsame karan, sannan a zuba shinkafa. Sauran kuwa ado ne da aka yi ta ƙarawa a ƙasar nan: shito daga bakin teku, gari mai ɗan mai, taliya, dafaffen ƙwai, ganda wadda suke kira wele, soyayyen kifi, da soyayyar agade. A naɗe duka a faffaɗan ganyen nan na kurmi, wanda yake ƙara masa ƙanshi.

A kwanakin Buronya mai waakye ba ta zama. Gidan da baƙi suka cika, ba a iya dafa musu sau uku, sai a aiko da babban kwano. Ɗan Gana da ya yi shekaru a Landan ko Hambog, kafin ya gama kwance jaka ya tambaya ko Hajiyar kwanar gidansu tana nan. Masu saye ba su san sunanta ba, Hajiya suke cewa ko Amariya, ko da ta aurar da jikoki.

Da dare kuma tuwo ne. Abin da ake rubutawa tuo zaafi, tuwo mai zafi ne, abincin yau da kullum na Dagomba da Frafra da Dagarti da sauran mutanen arewa, amma da sunan Hausa ya shiga kudu. Miyar ayoyo mai daddawa ce abokiyar tafiyarsa, da rani kuwa busasshiyar kuɓewa da kuka suna taimakawa. Har omo tuo da mutanen kudu suke rububi ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, tuwon shinkafa ne: rabin sunan Twi, rabi Hausa.

Me ya sa Zango?

Wannan ba jiya ya fara ba. Zango a asali wurin da ayari yake sauka ne. Kakanninmu fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin hanyar Gwanja, daga Kano da Katsina zuwa Salaga, suna kawo kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, suna komawa da goron Asante. Bafatake yakan yi watanni a hanya, in ya sauka kuma sai ya ci. Maigidan da yake saukar baƙi shi ne dillali, matan gidansa kuma su ne masu dafa abin da baƙi za su ci, da wanda yara za su ɗauka talla. Tun a nan dafa abincin sayarwa ya zama sana'ar matan Zango.

Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, mutanenta suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo, wasu suka gangara Kumasi da Ankara. A farkon ƙarni na 20 Malam Bako ya kafa Sabon Zango a Ankara, a farkon shekarun 1930 kuma Malam Amadu Futa ya sauka a inda ya zama Nima. Duk inda aka buɗe tashar jirgin ƙasa ko mahaƙar zinariya ko barikin soja, Zango ya tsiro a gefe, leburori da sojoji marasa iyali kuma suka zama masu sayen koko da wake. Har garin Kasoa da ke hanyar Winneba, kasuwa ce aka juya sunanta.

Gaskiya ce a faɗa cewa masu tukunyar nan ba duka Hausawa ba ne a jini. Akwai Dagomba da Kotokoli da Zabarmawa da Mosi da Wangarawa da Fulani da Busanga da Camba, kowa ya zo da nasa ya zuba. Hausa ce harshen da ya haɗa su a Zango, shi ya sa abincin ya fita da sunanta. A Nuwamban 1969, daidai shigowar hunturu, gwamnatin Dokta Busia ta fitar da dokar korar baƙi marasa takarda, aka ba mutane mako biyu, gidaje da yawa a Zango suka zama kufai. Waɗanda suka rage sun ci gaba da hura wuta, ƙasar kuma ta ci gaba da shan koko. A yau mutumin da bai taɓa taka Nima ko Aboabo ba yana kirga waakye cikin abincin ƙasarsa, yana alfahari da shi a gaban baƙo.

Nama

Babu bikin da ba ya son nama, nama kuwa a yawancin garuruwan ƙasar nan ta hannun mahautanmu yake bi. Mako biyu kafin Buronya, kasuwar Turaku da ke Ashaiman tana cika da shanu da awaki da tumaki, yawancinsu daga arewa da Burkina Faso da Mali da Nijar. Sunan kasuwar ma namu ne, jam'in turke. Haka mayankar Kumasi take kwana ba barci. Akuya ce ta fi tafiya a wannan lokaci, domin miyar sakwara, sai zabo daga arewa, wanda ake gasawa da yaji a bakin titi.

Da magariba ta yi sai hayaƙin tsire ya tashi. A nan cicinga ake ce masa, kuma sirrinsa a yaji yake: ƙuliƙuli da aka daka da citta da barkono da masoro da gishiri, a shafa wa nama kafin ya hau wuta, a sake barbaɗawa in ya sauka, da albasa a gefe. Duk wani taron ƙarshen shekara, na ofis ko na gida ko na bakin teku, sai an nemi mai tsire ya zo da tukubarsa. Aboki suke kiran sa, wasu su ce aboci. Hunturu kuma lokacin kilishi ne, domin busasshiyar iska tana shanya naman da aka fere cikin ɗan lokaci, kafin ƙuda ko laima su ɓata shi. Kusa da shi ga wagashi, cukun Fulani, wanda ake soyawa a ci da yaji ko a jefa cikin miya.

Abu ɗaya ya canza. Kazar Buronya a da ta gida ce, a kama ta a yanka. Yanzu mafi yawan kajin da ake ci a ƙasar nan daskararru ne da jirgin ruwa yake kawowa daga Turai da Amurka da Barazil. Sun fi araha, amma mai kula da yanka sai ya duba kwali kafin ya saya, mai sayar da abinci kuma wajibinta ne ta san abin da take zuba wa mutane.

Abin sha

Sanyin hunturu na safe ne da dare. Da rana iska tana busar da maƙogwaro, ƙishi ya yi yawa, nan kuma sai soɓolo. Zoɓorodonmu ne, furen yakuwa, wanda ake tsinka a ƙarshen damina, saboda haka a Disamba sabo ne fil a kasuwa. A tafasa shi da citta da kanumfari da ɓawon abarba, wasu su ƙara kimba ko prekese, a tace, a sa sukari, a sanyaya. Baƙin da suke zuwa daga Jamaika sukan yi mamakin ganin sa, domin a can shi ne abin shan Kirsimeti, kuma daga wannan yanki namu ya ƙetara teku.

Sai lamurje, wanda ake kira lamugin, mai citta da tsamiya da yake tsinka har hanci. Wasu suna yi masa laƙabi da giyar Hausawa, alhali babu ɗigon maye a ciki. Sai fura da nono, fula a bakin mutanen kudu, da ƙanwarta burkina, wato gero da aka turara ya zama tsaki-tsaki a cikin nono mai sanyi, wadda sunanta ya nuna ƙasar da ta biyo. Da dare mai shayi yana kwana a bakin tasha da burodi da ƙwai, samari kuma suna zagaye da ɗan kurfot ɗin gawayi a majalisarsu, ana dafa ataya, na ɗaya da na biyu da na uku, hira tana tafiya.

Waɗannan abubuwa suna da wani amfani da ba a cika faɗa ba. Lokaci ne da giya take kwarara, ta kwalba da pito da bammi da akpeteshi, kuma kowace shekara hukuma tana jan kunnen direbobi saboda haɗarin mota a waɗannan kwanaki. Saurayin Zango da abokan aikinsa suka gayyata liyafa ba ya rasa abin riƙewa a hannu in akwai soɓolo a teburin, ba kuwa zai zama saniyar ware ba, domin da yawa cikin maƙwabta ma ba sa shan giya, su ma shi suke nema.

Kwanon maƙwabci

A gidajen haya na Nima da Madina da Asawase da Sekondi, tsakar gida ɗaya ce, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, Musulmi da Kirista. Tsohuwar al'ada ce ranar Buronya maƙwabciya ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce, Hajiya ga na yara. Da yawa sun san abin da muke ci da wanda ba mu ci. Saboda haka sai su aiko da ɗanyar shinkafa da mai da biskit da lemon kwalba, ko kaza mai rai, ko kuma tun da safe a kira Malam ya yanka akuyar gidan domin kowa ya iya sa hannu. Ranar layya kuwa kwanon nan yakan koma da nama, ranar ƙaramar salla da waina da tuwon shinkafa. Ba a mayar da kwano wayam.

Dattawa suna tuna shekarun da watanni suka haɗu. A 1998 da 1999 da 2000 ranar Kirsimeti cikin azumi ta faɗo, har a 2000 ƙaramar salla ta zo kwanaki kaɗan bayanta, a makon da aka yi zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa. A 2006 babbar salla ce ta zo daf da sabuwar shekara, rago da akuya suka haɗu a kasuwa ɗaya. A irin waɗannan shekaru maƙwabciya takan riƙe kwanonta sai an sha ruwa ta aiko. Da yake shekarar wata tana gaza ta rana da kamar kwana 11, bisa lissafi azumi zai sake shigowa a ƙarshen Disamba na 2030. Yaran da suke ɗaukar kwanon nan yau su ne za su karɓi wancan zamani.

Ana yaba ƙasar nan da zaman lafiya tsakanin addinai. Tun tsakiyar shekarun 1990 sallolinmu biyu suka zama ranakun hutu na ƙasa, kuma duniya ta gani a 2019 da Babban Limamin ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu, yana cika shekara 100, ya ziyarci cocin Katolika na Christ the King a Ankara ranar Ista. Manya suna yin nasu a idon jama'a. Amma zaman lafiyar da muke kwana a ciki, mata ne suke ƙulla shi a tsakar gida, kwano ya je kwano ya dawo. Masu iya magana sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Tsada da amana

Duk wannan daɗi yana da wahala a bayansa. Mai koko da mai waakye da ɗan jari suke juyawa, kuma kusan duk abin da suke dafawa daga nesa yake zuwa. Gero da wake daga arewa ta kasuwar Techiman, tumatir na rani daga Burkina Faso, albasa daga Galmi ta Nijar. A 2021 aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie aka mayar da su Adjen Kotoku, nesa da tsakiyar birni, kuɗin mota ya ƙaru. A Disamban 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari. A 2023 kuma, bayan juyin mulkin Nijar, aka rufe iyaka, motocin albasa suka maƙale a hanya. Hauhawar ta sauka daga baya, amma mace mai zuwa kasuwar Nima ranar Laraba ta san abin da ya hau bai cika komawa inda ya taso ba.

A irin wannan hali ne shaiɗan yake raɗa. A rage gero a ƙara masara, a bar karan dafi a zuba kala, a yi ta soya ƙosai da man da ya yi baƙi, a cika soɓolo da ruwa a rufe da zaƙin kanti. Ba mu manta ba a 2015 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta gano ana zuba wa manja wani jan rini mai cutarwa a kasuwannin Ankara, masu gaskiya da marasa gaskiya duk suka yi asarar ciniki. Abin da ya sa baƙo yake tsallake shaguna goma ya zo wurin Hajiya shi ne yarda. Kakanninmu da ita suka ci kasuwar Gwanja, kuma in ta zube ba a kwashe ta. Gara a rage ludayi a faɗa wa mai saye gaskiya, da a cika kwano da algus. Haka nan tsabtar wuri da ta ruwa, da rufe abinci daga ƙurar hunturu, da guje wa zuba koko mai tafasa cikin siririyar leda in akwai kofi ko kwano. Sukari ma a bar wa mai saye ya faɗi iyakarsa, domin ciwon sukari da hawan jini sun shigo gidajenmu.

Wa zai gaji tukunya?

Babbar tambayar ke nan. Da kuɗin koko da waakye aka gina gidaje a Zango, aka je Makka, aka biya wa yara makaranta har jami'a. Yanzu 'ya'yan sun yi karatu, alhamdu lillahi, kuma babu mai son a cire yarinya daga aji a ɗora mata tire. Amma wasunsu suna ganin tukunyar da ta raine su abin kunya ce. A daidai lokacin nan kuwa garin koko yana cikin fakiti a manyan kantuna, soɓolo da burkina suna cikin kwalba da tambari, ana aika yajin tsire Landan da Niyok, gidajen abinci masu sanyaya ɗaki suna sayar da waakye ninki-ninki. Masu wannan ciniki ba su yi laifi ba, kasuwa ta kowa ce. Sai dai mu tambayi kanmu nawa ne daga cikinsu 'ya'yan Zango.

Ilimin yana hannun tsofaffi, kuma ba a rubuce yake ba. Hajiya ba ta auna kanwa da cokali, hannunta ya sani. In ta tafi ba ta koya wa kowa ba, ta tafi da shi. Hutun nan na makaranta dama ce. A tashi yara, mata da maza, su ga yadda ake tace gasara da yadda ake buga ƙullun ƙosai. Mai karatun boko ya ɗauki littafi ya zauna kusa da kakarsa, ya auna, ya rubuta. Wadda ta karanta lissafi ta riƙe wa uwarta littafin shiga da fita. Mata masu adashi su haɗa ƙarfi su sayi buhunan gero da wake yanzu da kaka, kafin su yi tsada da bazara, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Masu son sa kaya cikin kwalba ko fakiti su nemi rajistar hukuma, su buga sunansu da na unguwarsu a jiki.

Kada kuma a bar sunayen su ɓace. Yaron da aka haifa a Fadama ko Sawaba ya san waakye, amma a gaya masa wake ne, a nuna masa karan dafi da kimba da masoro, ya kira su da sunansu. Harshe a madafa yake daɗewa, bayan ya fita daga ofis da makaranta.

Ga maƙwabtanmu masu biki muna cewa afehyia pa, Allah ya maimaita. Ga masu tafiya, Allah ya kai lafiya ya dawo da kowa lafiya. Ga iyayenmu mata da suke tashi cikin sanyin nan tun kafin zakara ya yi cara, da mahauta da masu tsire da masu shayi, Allah ya sa albarka a ciniki, ya ba mu masu gado nagari. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya nuna mana hunturun baɗi. Amin.